Tafiya ta taso, yaya zan bar kunkuru a ɗumi? Ƙwan fitila, ƙwan tangaran, hita ko hannun mutum

Duk mai kiwon kunkuru a gida ya san wannan faɗuwar gaban. Tafiya ta taso maka ta kwana uku ko sati ɗaya ko ma biyu, ka haɗa kayanka tsaf, kana juyowa ka haɗa ido da shi yana miƙe da wuya a ƙarƙashin fitila sai ka ji duk daɗin tafiyar ya gudu. Yawancin mutane abin da ke fara zuwa musu a rai abinci ne, toh wa zai riƙa ba shi ganye? Ni kam gaskiya abinci shi ne na ƙarshe a lissafina. Babban kunkuru mai ƙoshin lafiya ba yunwar kwana uku ko huɗu ce za ta kayar da shi ba, ai a 1968 Tarayyar Sobiyet ta saka kunkuraye biyu a kumbon Zond 5 suka zagaya wata suka dawo da ransu ba tare da sun ci komai ba, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsu kawai suka rasa. Ba wai ina cewa a bar dabba da yunwa ba ne, Allah ya kiyaye, ina dai nuna maka inda haɗarin yake ne. Haɗarin yana wajen ɗumi, ko ya gaza ko ya wuce gona da iri, kuma na biyun ya fi saurin kisa nesa ba kusa ba.

Kunkuru ba kamar kyanwa ko kare ba ne, jikinsa ba ya haɗa zafin da zai riƙe shi, daga waje yake ɗauka. Shi ya sa wanda ya ce maka ka lulluɓe shi da bargo kawai ka tafi bai fahimci abin ba, bargo yana tare zafin da jiki ya fitar ne, toh jikin da bai fitar da komai ba me bargon zai tare? Kamar ka lulluɓe dutse ne. In sanyi ya kama shi hanjinsa ma tsayawa yake, abincin da ya ci ya zauna a ciki ba narkewa, garkuwar jiki ta yi ƙasa, daga nan sai ka fara ganin majina da kumfa a hanci, idanu a kumbure, numfashi da ƙara kamar ana busa ƙaramin usur. Ciwon huhu kenan ya shigo, kuma a wurin kunkuru wannan ciwo ne mai jan jinya.

Kafin ka zaɓi komai sai ka san wane iri gare ka, don ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na yankin Bahar Rum irin su Haman da wanda ake ce wa na Girka, da kuma na Rasha wanda asalinsa ƙasashen tsakiyar Asiya ne irin su Uzbekistan da Kazakistan da Afganistan, waɗannan suna son wurin shan ɗumi ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin salshiyos da rana, ɗaya gefen akwatin kuma ya zauna wajen 20 zuwa 24, da dare in ya sauka zuwa 15 babba mai lafiya ba ya damuwa, ya ma saba. Amma sulkata, ƙaton nan na yankin Sahel da shi ne na uku a girma a duk kunkurayen tudu na duniya, da mai zanen damisa na gabashi da kudancin Afirka, da mai jajayen ƙafafu na Kudancin Amurka, su 'yan zafi ne, dare ya sauka ƙasa da 18 ko 20 an fara shiga matsala, 'yan ƙanana kuwa da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba gara ka riƙe musu wajen 26 ko 27 ko da dare, musamman in akwai danshi a akwatin, don sanyi da danshi in suka haɗu su ne uwa da uban ciwon huhu. Kaga kenan mai na Rasha a ɗaki mai ɗan ɗumi ƙila fitilar rana kaɗai ta ishe shi, mai jaririn sulkata kuwa dole sai ya yi tanadin dare.

Ni abin da ya koya min hankali tafiyar kwana shida ce a lokacin sanyi. Ƙwan fitila ɗaya tak na bari a kan taima, wato agogon da ke kunna wuta ya kashe da kansa, na cika kwanon ruwa, na zuba busasshiyar ciyawa, na ja ƙofa. Da na dawo tun daga bakin ƙofa na ga ɗakin duhu alhali lokacin da ya kamata fitila tana ci ne, na taɓa ƙwan na ji shi sanyi ƙalau, na girgiza shi na ji ɗan zaren ciki yana ƙara, ya tsinke, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Shi kuma yana can lungu ya cusa kai cikin ƙasa, na ɗago shi wallahi kamar na ɗauki tulu daga randa don sanyi, ƙafafu a sake, da ya fitar da numfashi sai ga ɗan kumfa a ƙofar hancin dama ya taso ya fashe. Sati uku muka yi muna zarya wurin likitan dabbobi ana masa allura. Ya warke alhamdulillahi, amma tun ranar ban ƙara yarda na rataya ran dabba a kan ƙwai ɗaya ba.

Toh bari mu fara da shi ƙwan fitilar, tunda shi kowa ke da shi. Ƙwan halojin mai faɗin haske ko tsohon ƙwai mai zare, wat 50 zuwa 100 gwargwadon girman wuri, shi ne ya fi kama da rana a duk abubuwan da zan lissafa, yana ba da haske da zafi tare, zafin kuma irin mai ratsa fata ne ya shiga jiki, shi ya sa za ka ga kunkuru ya je ƙarƙashinsa ya baje ƙafafu ya miƙe wuya kamar an shanya shi. Ka haɗa shi da taima ya kunna awa 12 ya kashe awa 12, shikenan rana ta samu. Matsalarsa biyu ce. Ta farko ba ya maganin dare, in ka bar shi a kunne awa 24 don tsoron sanyi ka hana dabba barci, kwana biyu uku sai ya rikice ya daina cin abinci. Ta biyu yana mutuwa ba sallama, kuma ya fi son mutuwa daidai lokacin kunnawa. Dabarar da nake yi yanzu mai sauƙi ce, maimakon guda ɗaya mai wat 100 sai na rataya biyu masu wat 50 kusa da juna, in ɗaya ya tafi ɗaya na nan, kuma wurin ɗumin ya fi faɗi ya rufe duk ƙoƙon bayan ba ɗan tabo ɗaya a tsakiya ba. Sannan kada ka saka sabon ƙwai fil ranar tafiya, wanda ya zo da lahani daga kamfani a kwanakin farko yake nunawa, ka ba shi sati yana aiki a gabanka.

Jan ƙwai da ake sayarwa da sunan fitilar dare, ni dai ba na ba da shawararsa. Wai ana cewa ba sa ganin ja, alhali kunkuru na ganin launi sarai, ja ma yana cikin launukan da suka fi jan hankalinsa, kaga kenan ka kunna masa haske ne duk dare. Sai ƙwan makuri mai haɗa zafi da hasken UVB wuri ɗaya (UVB wani ɓangare ne na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ƙashin kunkuru ke buƙata), yana da kyau in kana gida, amma ba a iya rage masa ƙarfi da tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafi da kanta, ko dai ya ci gaba ɗaya ko ya mutu gaba ɗaya, kuma in ya lalace ka yi asarar abu biyu lokaci guda. Ga mai tafiya gara a raba, dogon ƙwan UVB daban a kan taima, zafi daban. Kuma in za a yi sadaukarwa, rashin UVB na sati ɗaya ba ya kwantar da babban kunkuru, watanni ne ke jawo laushin ƙashi, amma sanyin sati ɗaya yana iya kwantar da shi.

Wanda na fi yarda da shi don dare shi ne ƙwan tangaran, wannan dunƙulallen abin fari ko baƙi da ake murɗa shi a mazaunin ƙwai kamar fitila amma ba ya haske ko kaɗan, zafi zalla. Ba shi da siririn zare a cikin gilashi da zai tsinke da ɗan girgiza, yana iya shekaru yana aiki, kuma duhu ya zauna duhu. Sai dai fa abokin tafiya ne mai son a bi ƙa'idarsa. Jikinsa yana wuce digiri 200 in ya ɗau zafi, kuma da yake ba haske ba za ka san yana ci ba sai hannunka ya gaya maka. Dole mazauninsa ya zama na tangaran shi ma, na roba narkewa yake, na taɓa jin wannan ƙaurin a ɗaki na bi shi da hanci har na tarar da mazaunin ya yi baƙi ya lanƙwashe, da ba na gida ranar ban san me zan tarar ba. Dole a rataye shi da sarƙa ko ƙugiya mai ƙarfi daga sama, ba da wannan maƙalin mai kama da bakin kada da ake dantsewa a gefen akwati ba, kunkuru ƙarfi gare shi kamar ƙaramar katafila, ya ture katako maƙalin ya zame ƙwai ya faɗa cikin busasshiyar ciyawa, gobara kenan a gidan da ba kowa. A sa masa ragar ƙarfe, a bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninsa da saman ƙoƙon baya. Wani aibun kuma yana busar da iska sosai, ga jarirai wannan ba ƙaramin abu ba ne don bushewa tana cikin abubuwan da ke sa ƙoƙon baya ya taso tsibi-tsibi, saboda haka ka jiƙa ƙasan akwatin daga ƙasa-ƙasa kafin ka tafi, ka bar masa maɓoya mai danshi. Kuma ƙwan tangaran ba tare da tamostat ba, sam, kada ma ka fara.

Akwai ɗan uwansa na zamani da kamfanin Arcadia ke yi mai wat 50 da 80, wanda ke jefa zafi mai ratsa jiki fiye da na tangaran kuma haskensa ɗan ja-ja ne da da ƙyar ake gani. Ya fi dacewa in kana son abu ɗaya da zai taimaka dare da rana. Sai kuma faifan ɗumi da ake ɗaurewa a rufin akwati, shi faffaɗa ne, ba ya zafin ƙuna kamar tangaran, yana watsa ɗumi a hankali, amma sai a rufaffen akwati ko ɗan ɗakin kwanan babban kunkuru yake da amfani, a buɗaɗɗen tebur zafin sama yake gudu.

Tabarmar ɗumi ta lantarki kuwa, wadda ake shimfiɗawa a ƙasa, ita ce mutane suka fi saurin saya don ba ta da wahalar haɗawa, ni kuma ita na fi tsoro. Kunkuru a daji zafi daga sama yake zuwar masa, in ya ishe shi sai ya tona ƙasa ya shige don ya huce, sulkata ma ramuka masu tsawon mitoci yake haƙawa saboda haka. Toh ka sa masa tabarma a ƙasa, ya ji zafi ya fara tono don ya gudu, ashe zafin yake ƙara kusanta. Ga nauyinsa ya danne ta zafi ya taru wuri ɗaya ya ƙona ƙasan ƙoƙon, su kuma ba sa saurin jin ƙuna balle su tashi. Kuma ba ta ɗumama iskar akwatin, cikinsa ya yi zafi yana shaƙar iska mai sanyi. In dole sai ita, a manna ta a jikin bangon akwati a tsaye kusa da inda yake kwana, da tamostat, a matsayin ƙari kawai.

Sai ɗumama ɗakin gaba ɗaya. Wannan ita ce hanyar da mutane ke mantawa alhali ga wasu ita ce ta fi. In ɗakin da kansa bai sauka ƙasa da 20 ba, ko duk fitilun akwatin sun mutu kunkurun zai dai yi kasala ne ba zai shiga haɗari ba. Wanda gidansa ke da na'urar ɗumama gida kada ya kashe ta gaba ɗaya don zai yi tafiya, ya rage ta dai. Wanda ba shi da ita, hita mai mai a cikinta, wannan mai kama da haƙarƙari a kan tayoyi, ita ce ta fi kwanciyar hankali don ba ta da jan ƙarfe a fili kuma tana daɗewa ba ta huce ba. A jona ta kai tsaye a soket na bango ba a ekstenshan ba, nesa da labule, a inda shi kunkurun ba zai kai gare ta ya ture ba. Tana shan wuta fiye da ƙwan tangaran ninkin ba ninkin, hita na iya jan wat 1000 zuwa 2000 shi kuwa 100, amma ga ƙaton sulkata da ya fi ƙarfin akwati ba ka da wata mafita mai kyau. Hita mai fanka da mai jan ƙarfe ba a barinsu ba kowa. Na gas da na kananzir da garwashi kuwa ko maganarsu ba na so a yi, hayaƙin da ba ya wari da suke fitarwa a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ma balle dabbar da hancinta ke manne da ƙasa. Kuma kada wani ya ce bari na tura akwatin gilashi bakin taga rana ta yi aikin, gilashi yana tare UVB ya bar zafi ya shige, cikin awa ɗaya akwatin ya koma tanda.

Yanzu ga inda zancen yake, tamostat. Gaskiya in aka ce na zaɓa tsakanin ƙwai mai tsada ba tamostat da ƙwai mai araha da tamostat, na biyun zan ɗauka ido rufe. Dalili, ka saita zafinka daidai ranar Litinin gari da sanyi, ranar Alhamis yanayi ya juya ɗaki ya ɗau zafi, ƙwan bai san an yi ba yana ta hurawa, kunkuru ya so dambe ya rasa yatsa, ba shi da hannun kashe makunni. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai kunna-kashe, in zafi ya kai ya yanke wuta in ya sauka ya mayar, shi ya fi araha, ya dace da tabarma da hita da ma tangaran in ba yadda za a yi, amma in ka haɗa shi da ƙwan haske zai riƙa walƙiya yana kashe ƙwan da wuri. Akwai mai bugun-bugun da ke aika wuta guntu-guntu, shi na tangaran ne da faifai, zafi ya zauna cak ba hawa da sauka, amma ba a haɗa shi da mai haske. Sai mai rage ƙarfi a hankali, shi ne na halojin kuma yana aiki da tangaran ma, in guda ɗaya za ka saya shi ka saya. Habistat da Microclimate da Herpstat duk sanannu ne a wannan harkar. Ka duba adadin wat da tamostat ɗin zai iya ɗauka, na akwati da yawa 300 ne ko 600, ka jona masa hitar 1500 ka ƙona shi.

Amma abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne ɗan kan wayar nan mai jin zafi, ni hancin tamostat nake ce masa. Duk hukuncin da na'urar ke yankewa daga abin da hancin ya ji ne. In ka yar da shi a ƙasa kunkuru ya ja shi zuwa lungu mai sanyi ko ya tura shi cikin kwanon ruwa ko ya binne shi, tamostat zai ɗauka duniya ta daskare ya saki wuta gaba ɗaya ba tsayawa. Ka ɗaure shi gam a bango da ƙusa mai lanƙwasa ko igiyar roba, daidai tsayin ƙoƙon baya, inda ƙafa ba ta kaiwa. Kuma ka zaɓi ƙwan da ko tamostat ya lalace ya maƙale a kunne ba zai iya dafa akwatin duka ba, wato kada ka sa wat 250 inda 100 ya isa, kuma kullum a bar gefe guda mai sanyi da zai gudu can.

Duk wannan kayan aikin akwai abu ɗaya da ba sa iyawa. Kunkuru yana hawa abu, ya hau dutse ko bango ko ɗan uwansa ya kife rigingine, wani ya iya juyowa wani ya kasa, in kuma kifewar ta zo a ƙarƙashin fitila ne toh awowi kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. Kyamarar wayifai da ma'aunin zafi mai turo saƙo a waya suna da amfani ƙwarai, ina da su, amma ka gan shi a waya yana harba ƙafafu sama kana nisan kilomita 500 ba wanda ke da makulli, me ka ƙaru da shi ban da baƙin ciki? Saboda haka kafin tafiya ka kwashe duk abin hawa daga kusa da fitila, in biyu ne ka raba su, sannan ka samu mutum. Ba sai masani ba, mutum dai mai amana da zai leƙo sau ɗaya a rana ya duba abu huɗu, fitila na ci, lambar ma'auni tana tsakanin kaza da kaza, dabba tana kan ƙafafunta, ruwa na nan.

Toh a kai shi gidan mutumin ne ko mutumin ya zo? In da hali mutumin ya zo. Kunkuru dabba ce mai haddace wurinta, ka sauya masa sai ya yi kwanaki yana zagaye bango ya ƙi ci, ga sanyin hanya, ga haɗa fitilu a ɗakin da ba ka san yanayinsa ba, ga yara da karen gidan da ba su saba da shi ba, kare kuwa ƙoƙon kunkuru ƙashin gwaigwaya yake gani. Wurin ajiyar dabbobi ko asibitin dabbobi ya fi dacewa da mara lafiya ko mai shan magani ko jariri ɗan mitsitsi da ke buƙatar a tsoma shi a ruwan ɗumi kullum na minti 15 zuwa 20, amma ka je da ƙafarka ka gani tukuna, ka tambaya ko za a haɗa shi da wasu. In za a haɗa, ɗauko abinka. Ƙwayoyin cuta irin su hafis da maikofilasma suna zama a jikin kunkurun da ido ke gani lafiya ƙalau, ya shafa wa naka, kuma in sun shiga da wuya su fita. Tafiya da shi kuma sai in za ka daɗe wuri ɗaya, don kwana uku wahalar da shi kawai za ka yi.

Wasu sukan ce tunda lokacin sanyi ne me zai hana a kashe komai ya yi dogon barcinsa har na dawo? Don Allah a'a. Dogon barcin nan na wasu iri ne kawai, irin su na Rasha da yawancin na Bahar Rum, sulkata da mai zanen damisa da mai jajayen ƙafafu ba sa yi, ka sanyaya su mutuwa za su yi. Ko masu yin ma sai an yi makonni ana shiri, a daina ba su abinci hanji ya wofinta, a sauke zafi a hankali, a riƙe shi wajen digiri 5, in ya haura 10 jiki ya farka yana cin kitsensa a banza, in ya kusa sifili ƙanƙara ta taɓa idanu ya makance. Ɗakin da aka kashe wa fitila ya zauna a 12 ko 14 shi ne mafi muni, bai isa barci ba bai isa narkar da abinci ba.

In inda kake ana ɗauke wuta, yi lissafi da gaskiya. Ƙwan wat 100 na awa 10 ya sha wat-awa 1000 kenan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 a takarda 1200 ne, in na dalma ne kuma rabin kawai ake so a ja, kaga dare ɗaya ma ba zai kai ba. Ƙaramin UPS na kwamfuta kuwa, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ba zai kai ko'ina ba. Abin da ya fi taimako shi ne hana zafin gudu, rufe saman akwatin rabi, kewaye shi ta waje da allon soso ko bargo nesa da ƙwai, nan ne bargo ke da rana, ɗaga shi daga daɓe mai sanyi, zuba ƙasa mai zurfi da zai shige, ajiye faffaɗan dutse a ƙarƙashin fitila ya sha zafi da rana ya riƙa saki da dare. Ka bar wa mai leƙowa fakitin ɗumi irin wanda ake safarar dabbobi da shi, UniHeat suna yin na awa 40 da na awa 72, garin ƙarfe ne a ciki da ke ɗumi in iska ta taɓa shi, a naɗe shi a tawul kada ya taɓa jiki kai tsaye. Gorar ruwan zafi ma tana yi amma awowi kaɗan ta huce, sai mai zama kusa.

In ka tambaye ni me zan ɗauka, ya danganta da kwanakin. Dare ɗaya ko biyu, babba mai lafiya, ɗaki ba ya sauka ƙasa da abin da irinsa ke jurewa, halojin biyu a kan taima da tamostat mai rage ƙarfi sun wadatar, ko ba mai leƙowa zan iya tafiya duk da hankalina ya fi kwanciya in akwai. Kwana uku zuwa sati biyu, halojin da rana, tangaran a kan nasa tamostat daban da dare, kowanne da soket ɗinsa, ɗaki da ɗan ɗuminsa, mutum kullum. Fiye da haka, ko jariri, ko mara lafiya, sai hannun wanda ya san kiwo. Tabarma ita kaɗai, jan ƙwai, taga, da kashe komai, waɗannan ba sa cikin zaɓi na.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sati ɗaya kafin ka tashi ka haɗa komai yadda za ka bar shi, ka cire hannunka kamar ba ka nan, ka sa ma'auni mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a gefen zafi da gefen sanyi, kowace safiya ka karanta, musamman abin da ya nuna da asuba don lokacin sanyi ya fi sauka. Ranar tafiya ka tsoma shi a ruwan ɗumi ya sha ya yi kashi, kada ka cika masa ciki fiye da kullum. Ka ajiye ƙwan canji guda biyu kusa da akwatin, ka nuna wa mai leƙowa yadda ake sauyawa da hannunsa ba da baki ba, ka gargaɗe shi kada ya taɓa tangaran sai ya yi rabin awa a kashe. A takardar da nake mannawa a jikin akwati lambobin zafi ne a sama da manyan baƙaƙe, ƙasa da su lambar likitan dabbobi, sai layi na ƙarshe da nake ja wa layi biyu, in ka gan shi a kife ka juya shi a hankali ka kai shi gefen sanyi ka kira ni ko ƙarfe nawa ne.